Neman Kambas ɗin Kawu Sale a Maraɗi

Tun da muka dawo daga Maraɗi ban huta da tambaya ba. A makarantar da nake koyarwa a nan Karaye, duk malamar da ta gan ni sai ta ce, "Malama Hajara, wai da gaske takalmi ne ya kai ku har Nijar?" In na fara bayani sai a kaɗa ƙararrawa, kowa ta tafi ajinta da guntun labari. Yanzu har akwai masu cewa a jirgi muka je. To ga shi nan zan faɗa tiryan-tiryan, kowa ya huta.

Kawu Sale yayan mahaifiyata ne, yana zaune a Zoza ta ƙasar Rogo. Tsohon malamin makaranta ne da ya koma noma bayan ya ajiye aiki. Dogo ne na gaske, sai ya sunkuya yake shiga zauren gidansa, ƙafarsa kuwa lamba arba'in da bakwai ce. Sunan kakarmu aka sa mini, saboda haka bai taɓa kiran sunana ba, sai dai ya ce Uwata.

Yana da ciwon suga. A daminar bara tushen kara ya huda silifas ɗinsa a gona ya shige masa ƙarƙashin babban yatsa, bai ji ba sam, sai da wurin ya kumbura ya fara ruwa. Mun yi wata da watanni muna zaryar asibiti ana wanki, da ƙyar yatsan ya tsira. Ranar da aka sallame shi likita ya ce masa a gabana, "Baba, daga yau babu kai babu buɗaɗɗen takalmi in za ka fita. Ka samu rufaffe, mai faɗi, mai laushi daga ciki. In ka sake dawo mini da irin wannan, ban yi maka alkawari ba."

Nan fa aka shiga nema. Na duba kasuwar Rogo, na duba ta Karaye, na yi saƙo Kano. Duk wanda aka kawo ko dai ya matse shi, ko kuma a faɗi kuɗin da ya isa takin gonarsa. An taɓa samo masa wani baƙin sau-ciki, ya juya shi ya ce wannan ai kwale-kwale ne, shi ba masunci ba. Ya ce a duk rayuwarsa takalmi ɗaya ne ya taɓa yi masa daidai, kambas ɗin da aka raba musu a kwalejin horon malamai lokacin da yake buga ƙwallon kwando, fari mai dogon wuya da ke rufe idon sawu. Matarsa Inna Mairo ta hana shi gona sai an samu takalmi. Sai ya koma zaman ƙofar gida a kan tabarma, yana kallon mutane suna wucewa da fartanyu. Mutumin da ake jin dariyarsa daga bakin titi ya zama sai ka gaishe shi sau biyu kafin ya ɗago. Wannan ya dame ni fiye da ciwon.

Ana haka sai 'yarsa Binta, taubashiyata da ke aure a Maraɗi, ta haifi namiji aka yi wa Kawu takwara. Mijinta Isufu ya bugo waya ya ce Baba ya daure ya zo ya ga yaro, kuma a kasuwarsu ana buɗe dilolin gwanjo na takalman Turawa, manyan ƙafa ba sa wuya. Kawu ya ce, "Turawan ƙetare ko na nan Karaye?" don akwai garin Turawa kusa da mu. Rabon da in ji ya yi barkwanci har na manta. A take na ce zan raka shi tunda muna hutu.

Mun tashi da safe, shi da safa biyu a kowace ƙafa cikin silifas, ni da ledar magungunansa da ƙullin kuka da daddawa na tsaraba. A tashar Gwarzo na biya masa kujerar gaba shi kaɗai don ƙafafunsa, amma duk da haka gwiwoyinsa suna tokare da gaban mota. Direban, wani mai yawan raha, duk sanda zai sa giya sai ya ce, "Baba, a ba ni hanya," Kawu ya janye gwiwa ya ce, "Wuce, ɗan nan." Haka suka yi ta yi har muka wuce Dayi, inda ruwa ya tsuge. Gilashin gefen Kawu kuwa ba ya tashi. Direba ya miƙo masa buhun taki wanda babu kome a ciki ya ce ya tare. Ni ina baya ba abin da nake kallo sai ƙafarsa, ina cewa ya ɗage ta daga ruwan da ke taruwa a ƙasa. Wata mata da ke kusa da ni ta ce, "Baiwar Allah, mahaifinki ne?" Kafin in amsa ya juyo ya ce, "A'a, ita ce mahaifiyar. Ba ki ji faɗan ba?"

A Katsina muka canja mota. Daga nan zuwa Jibiya hira ta mutu, kowa ya san labarin 'yan bindigar hanyar. Carbi ne kawai ke motsi a hannun mutane. Da muka hango shingen iyaka sai na ji wata tsohuwa a baya ta sauke ajiyar zuciya ta buɗe ƙullin gyaɗarta, aka fara miƙa wa juna.

A ɗaya ɓangaren wani jami'i ya karɓi takardunmu ya yi mini magana da Faransanci. Na tsaya ina kallonsa. Sai ya juya harshe ya ce, "Mi kuka taho yi?" Na ce ganin jariri. Ya buɗe ledata ya ga daddawa, ya sunsuna, ya ce ta wace ƙasa ce. Na ce ta Rogo. Ya ce kakarsa ma daga wajen Kano aka auro ta, ya ɗaure ledar da kansa ya miƙo mini. Kawu kuwa da ya miƙe daga benci, jami'in ya bi shi da kallo tun daga ƙasa har sama ya ce, "Tsoho, ka bar mana tsawon nan a nan, in za ka koma ka amsa."

Abin da ya fara ba ni mamaki a can shi ne Hausa ce ake yi, amma sai ka kasa kunne. Asibiti su likita suke ce masa, makaranta lakwal, ɗan acaɓa kuma kabu-kabu. Lissafin kuɗinsu da dala ne, kowace dala sefa biyar. Na tsaya sayen fura a Ɗan Isa, mai furar ta faɗi kuɗi, na miƙa abin da nake zaton shi ne, ta dube ni ta dubi hannuna ta ce, "Ke 'yar Najeriya ce ko?" Ta zaɓi nata a tafina da kanta ta mayar mini da saura. Daga ranar na daina lissafi, sai dai in buɗe hannu.

Binta ta tare mu a ƙofar gida da guɗa. Ni ta fara yi wa tsiya, wai na zo ne don in ci kilishi, ganin ɗa fakewa ce. Kawu da yake ita ce 'yarsa ta fari ko kallonta bai yi sosai ba, ya amsa gaisuwarta yana duban katanga. Amma da aka ɗora masa takwaransa a cinya sai ya buɗe zanen ya kama ƙafar yaron ya auna da yatsansa. Ya ce, "Wannan ma zai sha wahalar takalmi."

Ya ƙi kwana a gidan suruki, saboda haka aka sauke shi a ɗakin baƙi na wani maƙwabci. Gadon ya yi masa kaɗan, sai da aka jona benci aka ɗora filo. Abinci kuwa mun ci dambu da zogale da ba a yi wa rowar mai ba, da cuku, da wani burodi dogo mai tauri kamar taɓarya wanda Kawu ya ce a ajiye masa ɗaya ya dogara. Fitinar da na sha ita ce ta shayi. Mu a gida kofi guda ne da safe, shi ke nan. Su kuwa a 'yan ƙananan kofuna ake yinsa, zagaye bayan zagaye, suga kamar a tsaya da cokali, kuma ƙin karɓa rashin ladabi ne. Ina daga cikin gida na hango Kawu a ƙofa cikin dattawan unguwa yana kai kofi baki. Na aiki Isufu ya hana shi. Ya je ya dawo yana sosa ƙeya ya ce, "Yaya, ya za a yi in hana Baba abu a gaban mutane?" Sai da na yafa mayafi na fita da kaina na gaida su, na ce likita ya hana. Wani dattijo ya ce, "To a yi mai marar suga." Aka yi. Kawu ya kurɓa ya yamutsa fuska ya ce, "Uwata, Allah ya saka miki, kin ba ni maɗaci a ƙasar mutane."

Washegari bayan azahar muka shiga kasuwa ni da shi da Isufu. Da gangan na zaɓi lokacin, don an gaya mini a asibiti cewa ƙafa takan ɗan kumbura da yamma, gara a gwada takalmi a lokacin. A rumfar farko na ce muna neman takalmin ƙwallon kwando. Mai rumfar ya ce, "Basket?" Na ɗauka kwandon ya ji, na ce a'a, takalmi. Ya ce, "To ai shi ne, basket." Ashe su duk wani kambas sunansa ke nan, ko na gudu ne ko na yawo. Ya jibgo mana iri-iri. Da ya ji lambar sai ya shiga ciki ya fito da wani sabo dal, ja da baƙi, sai walƙiya yake, ga araha. A jikinsa an rubuta arba'in da bakwai, amma yatsun Kawu suka ƙi wucewa. Warin gam ne ke tashi daga cikinsa, na sa hannu na ji ɗinki a tsaye kamar haƙoran zarto. Mai rumfar ya ce, "Ya sa shi kwana biyu, zai buɗe." Na ce kafin ya buɗe ai ya buɗe mana ciwo.

Daga nan Isufu ya kai mu wani shago mai gilashi da fanka. A nan muka ga ainihin abin, fari tas, fata mai kyau, irin na da ɗin da aka sake fitowa da shi. Kawu ya zura ƙafa ta shige ba gardama. Ya miƙe ya taka zuwa ƙofa ya dawo, na ga bakinsa yana motsi. Aka faɗi kuɗi, Isufu ya buga a waya ya mayar da shi naira, ya nuna mini a ɓoye. Kawu bai ga wayar ba, fuskata ya gani. Ya zauna ya kwance igiyar a hankali, ya goge ƙasan takalmin da gefen rigarsa ya miƙa wa mai shago. Isufu ya durƙusa ya ce, "Baba, don Allah ka bar ni in saya." Kawu ya ce, "Kai da ka yanka rago kwanan nan? Tashi mu tafi." Muka fita. Ni kuwa na fara jin haushin kaina da na ɗago tsoho daga gidansa a kan abin da ba tabbas.

Can ƙarshen layin 'yan gwanjo muka tarar da wani dattijo mai suna Malam Ilu, yana wanke takalma da buroshi a cikin roba. Da ya ga ƙafar Kawu sai ya yi dariya ya ce yau Allah ya kawo mai kwashe masa kayan da suka ƙi fita. Ya jawo wani buhu daga ƙarƙashin tebur ya zazzage. Duk manya ne. Nan da nan na ɗauko wani ruwan toka na gudu, mara nauyi, cikinsa kamar auduga. Kawu ya gwada, ya yi masa daidai. Na ce Alhamdu lillahi, a yi ciniki.

Shi kuwa hannunsa na cikin tulin. Ya zaro wani fari da ya ɗan yi ja-ja don tsufa, mai dogon wuya, da ratsin kore a gefe, fatar ta yi laushi ta tattare a wajen yatsu. Ya riƙe shi yana shafa ratsin da yatsa.

Na ce, "Kawu, wannan ya fi nauyi, ga ɗaurin igiya. Ruwan tokan nan shi ne irin wanda likita yake nufi."

Ya ce, "Na sani."

"To mu ɗauka mu tafi."

Ya rage murya yadda Isufu ba zai ji ba ya ce, "Uwata, wancan na marasa lafiya ne. Ni kuma na gaji da zama mara lafiya."

Na karɓi farin na zura hannu har ƙarshe ina laluben ɗinki ko wani abu mai tsini, babu. Na lanƙwasa ƙasansa, ya lanƙwasu a wajen yatsu bai tsage ba, dunduniyar ma ba ta cinye gefe guda ba. Ya sa, na danna gaban da babban yatsana na ji akwai sarari. Na ce na yarda, da sharaɗin za a canja shimfiɗar ciki, kuma kullum da safa mai tsabta, kullum Inna Mairo ta duba ƙafar da yamma. Ya ce ya ji. Sai muka juya neman ɗaya ƙafar, babu ita. Na hagu ne kawai.

Muka birkice buhun, muka birkice na biyu. Malam Ilu ya goge hannu, ya nuna da haɓa. A rumfar da ke kallon tasa, a saman wani dogon gora, ga na daman nan a rataye yana lilo. Mai rumfar ya ɗaure shi ne a matsayin alama, don girmansa ana hango shi daga nesa. Isufu ya tambaya a gefe ya dawo ya raɗa mana cewa ƙanin Malam Ilu ne, tare suke sayen dila a da, suka saɓa suka raba kaya, an daɗe ba sa ko gaisawa. Ƙanin, Malam Hamisu, da ya fahimci abin da ake ciki sai ya ce shi alamar rumfarsa ba ta sayarwa ba ce. Da aka matsa ya faɗi kuɗin da ya fi na ƙafa biyu. Malam Ilu ya ce daga inda yake, ba tare da ya dube shi ba, "Ku gaya mai ya ji tsoron Allah." Wancan ya ce, "Ku gaya mai shi ya fara ji."

Kawu ya ja benci ya ajiye a tsakiyar hanya tsakanin rumfunan biyu ya zauna, ƙafar hagu cikin kambas, ta dama cikin silifas. Masu wucewa suka fara tsayawa. Ya cire safar dama ya ɗaga ƙafar, tabon ya fito fili, baƙi, a lotse. Ya ce, "Malam Ilu, Malam Hamisu, ni baƙo ne, daga ƙasar Kano na zo. Ban san abin da ya haɗa ku ba, ba kuma zan tambaya ba. Amma ƙafafun nan nawa uwa ɗaya uba ɗaya suke, ba su taɓa gaba ba. Wannan ta samu, wannan da ta fi buƙata tana kallo. Ku ce mini da wacce zan koma gida."

Wani mai tura baro ne ya fara fashewa da dariya, sai kowa ya ɗauka. Malam Hamisu ya daure fuska iya ƙarfinsa, ya dubi tabon, sannan ya shiga ya ɗauko kujera ya taka ya kwanto takalmin. Rana ta ɗan ƙara masa haske fiye da ɗan'uwansa, in ka lura sosai za ka gani. Bai miƙa wa Kawu ba, sai ya tsallaka ya ajiye a kan teburin yayansa ya ce, "Ka wanke mai, ka fi ni iyawa." Ban ce sun shirya ba, don ban ga sun yi musabaha ba. Amma kuɗi ɗaya suka faɗa, wanda bai kai na baƙin sau-cikin nan da Kawu ya kira kwale-kwale ba, kuma muna tafiya na waiga na ga suna raba shi a tsaye wuri guda.

A hanyar dawowa ne muka gane aibin takalmin. A tashar Katsina Kawu ya kwance don alwala, aka idar da salla, mota ta cika, shi kuwa yana bakin masallaci yana zura igiya rami bayan rami. Direba na ta oda, fasinjoji na ta magana, ni ina ba da haƙuri. Ya shigo yana haki ya ce lokacin da yake saurayi bai lura ramukan suna da yawa haka ba. Saboda haka da muka iso Rogo, kafin mu ƙarasa gida, muka tsaya wajen wani mai gyaran takalmi ya tsaga gefen ciki ya sa masa zif, ya rufe bayansa da fata mai laushi don kada ya goge shi. Yanzu igiyar ado ce kawai.

Da yamma muka shiga Zoza. Ya ce mai babur ya sauke mu tun daga bakin titi, da ƙafa zai ƙarasa. Babbar riga, hula, ga farin kambas har idon sawu. Duk majalisar da muka wuce sai an yi masa magana, shi kuma yana ɗaga ƙafa yana nuna musu zif.

Inna Mairo na tsakar gida tana tankaɗe. Ta yi mana sannu da zuwa, ta tambayi mai jego da jariri, sannan idonta ya sauka ƙasa. Ta daɗe tana kallo, rariya a hannu. Kawu ya yi gyaran murya ya ce bari ya leƙa turken awaki, ya fice.

Sai ta ja gefen zanenta ta rufe baki, kafaɗunta na rawa. Na ce, "Inna, lafiya? Bai yi ba ne?"

Ta ce, "Ya yi mana." Ta share ido da bayan hannu. "Ranar da ya fara zuwa zance gidanmu irinsa ne a ƙafarsa. Babanmu ya leƙa zaure ya dawo ya ce da innarmu, wannan yaron da shirin gudu ya zo, kada ku saki jiki da shi."

Ta ci gaba da tankaɗenta tana murmushi. Ta ce, "Ga shi har yau ina jira, bai gudu ba."

Daga waje muka jiyo muryarsa, da ƙarfinta kamar da, yana tambayar wa ya ɗauke masa fartanya daga inda ya rataye ta.